Alif da Ruwan Tsami

Malam Babayo duba-gari ya leƙa tanki na farko, ya ja da baya, ya sake leƙawa, sannan ya zaro hankici ya toshe hanci, alhali ruwan ba ya warin komai.

"Malama, wannan miyar kuka ce kika kaɗa, ko me?"

"Bincike ne, yallaɓai," in ji Saudatu. "Gansakuka nake kiwo."

"Kiwo?" Ya juya ya dubi matan gidan da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofofinsu. "Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Na ga mai kiwon zomo a ƙarƙashin gado, na ga mai kiwon agwagi a banɗaki. Yau kuma Allah ya nuna mini mai kiwon gansakuka."

Tankunan uku ne, na roba, an yanke musu kai an jera su a bayan wani gidan haya a Yelwa, inda rana ta fi bugawa. Kowanne cike yake da ruwa kore shar. Ba irin gansakukar nan da ke mannewa a bangon rijiya ba ce. Wannan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya, sai dai ya ga ruwa ya rine. Daga madatsar ruwa ta Gubi Saudatu ta ɗebo irinta, ta yi wata huɗu a ɗakin gwaji na jami'a kafin ta ware wadda take so. Idan aka tattara ta aka shanya, abincin kifi ce mai gina jiki, kuma a kanta take neman digirinta na biyu. Ana cikin haka malamai suka tafi yajin aiki, aka garƙame ɗakin gwajin da kwaɗo. Ita kuwa malamar sakandare ce da aka ba hutun karatu, kuma hutun zai ƙare a watan Yuni, ko an buɗe jami'a ko ba a buɗe ba. Shi ya sa ta kwaso aikin ta kawo gida, yau kwana arba'in ke nan tana lallaɓa shi.

"An kawo mana ƙara," in ji Malam Babayo, yana buɗe fayil. "An ce ruwan nan matattarar sauro ce."

"Yallaɓai, dubi wannan tiyon. Iska yake hurawa a ciki, ruwan kullum yana motsi. Sauro ba ya ƙwai a ruwa mai motsi."

"Yanzu ma yana motsin?"

Saudatu ta dubi tiyon. Shiru yake kwance, don tun asuba aka ɗauke wuta.

"Ni ba na jayayya da masu ilimi," ya ce. "Ƙarfe huɗu zan dawo da yarana. Idan na tarar da ruwa a tankunan nan, za mu kifar da su a kwata. Na yi miki adalci, ko?"

Bai jira amsa ba ya yi gaba.

Ba sai an gaya wa Saudatu wanda ya kai ƙarar ba. Paulina ce, mai sayar da koko, wadda kowa a gidan ke kira Maman Liatu. Makon jiya aka sallamo 'yarta Liatu, mai shekara huɗu, daga asibiti bayan zazzaɓin cizon sauro ya kusa tafiya da ita. Tun kafin nan ta yi wa Saudatu maganar tankunan har sau biyu, Saudatu kuwa ta yi mata bayani irin na aji, da Turanci a ciki, har Paulina ta daina amsa gaisuwarta da kyau. Yanzu ga ta can tsaye a ƙofarta, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye fuska ba.

Da wata ce, da ta zauna ta yi kuka. Saudatu kuwa wani irin zumuɗi ne ya taso mata tun daga ciki. Dama mako mai zuwa ta shirya girbi, tana ta jan ƙafa saboda tsoron kada abin ya ƙi. To ga shi an yanke mata jan ƙafar. Ta dubi agogon waya, takwas da kwata. Ta shiga ɗaki da gudu, ta kwaso kwalaben bama guda bakwai da ta daɗe tana tarawa, ta cika su da koren ruwa daga tanki na farko, ta jera a inuwar ɗakinta. Ta zura hijabi tana kiran malamin da ke duba aikinta.

Dakta Bakari yana gonarsa, ana jin kukan injin ban ruwa a bayansa.

"Yau za ki girbe? Ba na'ura?"

"Da alif zan yi, Dakta. Ai shi ne babi na uku a kundin bincikena."

"A takarda shi ne babi na uku. Kin taɓa gwadawa a abin da ya fi kofi girma?"

"Yau zan gwada."

Ya yi dariya. "To Allah ya ba da sa'a. Abu ɗaya nake roƙon ki, duk abin da kika zuba a ruwan nan ki auna, ki rubuta. Abin da ba ki rubuta ba, ba ki yi shi ba."

Wahalar gansakukar nan ba a kiwonta take ba, a raba ta da ruwa take. Ka tace da ƙyalle, ta bi ruwan ta wuce. Ka bar ta ta kwanta, ka shekara kana jira, don kowace ƙwaya tura 'yar'uwarta take yi, ba sa yarda su haɗu. A jami'a akwai na'urar da ke wulwula ruwan har ta ware su, ga ta can a bayan kwaɗo. Amma alif, wannan farin dutsen da mata ke jefawa a ruwan rafi ya kwanta, yana kashe musu wannan ƙiyayyar. Sai su rungumi juna, su zama dunƙule-dunƙule, nauyi ya ja su ƙasa. Abin da Saudatu ke son ganowa shi ne mafi ƙarancin alif da zai yi aikin, domin kifi ne zai ci, kuma idan ya yi yawa abincin ya lalace.

Mai keken da ya ɗauke ta zuwa kasuwar Wunti ya sha azalzala. "Malam, don Allah ɗan taka." A rumfar 'yan koli wani dattijo ya buɗe mata buhu.

"Na aski kike so ko na ruwa?"

"Akwai bambanci ne, Baba?"

"Babu. Amma mai aski ɗan guntu yake saye."

"To ba ni kilo biyu."

Dattijon ya dube ta sama da ƙasa. "'Yata, kogin Gongola za ki tace?"

Ƙarfe goma saura ta dawo. Ta daka alif kaɗan a turmin yaji da ta wanke sau uku, ta auna a ƙaramin sikelinta, ta narka. Kwalba ta farko ta sa mata ɗan mitsitsi, ta biyu ta ƙara, haka har ta shida, kowace ta fi ta bayanta. Ta bakwai ta bar ta ba komai, don a riƙa kwatantawa. Fati, amaryar da ke ɗakin kusa da nata, ta shigo kallo, nan take aka naɗa ta mai riƙe agogo. Minti ɗaya ana juyawa da ƙarfi, minti goma sha biyar ana juyawa a hankali, sannan a cire hannu.

Suka durƙusa a gaban kwalaben kamar masu jiran ƙwai ya ƙyanƙyashe.

Ta farko ba ta ce komai ba. Ta biyu ma haka. A ta huɗu ne Saudatu ta fara ganin wasu 'yan ɗige-ɗige, ta matso har hancinta na taɓa gilas. Ɗigon suka fara neman juna, suka zama ɓarɓashi, ɓarɓashin ya zama curi-curi, ruwan ya tsinke yadda nono ke tsinkewa. Sai ga su suna sauka a hankali, suna taruwa a gindin kwalba. Sama kuwa ta fara washewa, har ta iya hango yatsan Fati ta ɗaya gefen.

"Fati! Fati, kin gani?"

"Wallahi na gani, Anti! La ilaha illallahu, kamar sihiri!"

Saudatu ta miƙe ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar ɗaki, mace mai shekara talatin da huɗu, malamar kimiyya da ɗalibai ke tsoro. Ta kira mijinta Mansir da ke aiki a Azare, ta kara masa kwalbar a kyamara.

"Me nake kallo?" ya ce.

"Digirina kake kallo!"

"To madalla. Na ɗauka zogale aka jiƙa."

Ta kashe wayar tana dariya, ta jawo littafinta ta yi lissafi. Kwalba rabin lita ce, tanki lita ɗari uku. Ta ninka, ta sake ninkawa don kada a yi kuskure, ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Daka alif mai yawa ya ci lokaci, narka shi ma haka. Kafin ta fito da bokitin farko rana ta take tsaka, simintin bayan gida yana ƙona ƙafa. Ruwan tankunan ya ƙara kore, 'yan ƙananan kumfa na tasowa daga cikinsa.

Zuwa yanzu labari ya zagaye gidan. Mata biyar suka fito da kujeru 'yan tsuguno suka zauna a inuwar katanga. Paulina ba ta zo ba, amma ta matso da aikin tatar kamunta kusa da lungun, inda za ta ga komai ba tare da an ce tana kallo ba.

Saudatu ta yi bisimilla, ta juye bokitin alif a tanki na farko, ta kama sabuwar muciya da hannu biyu.

"Fati, fara ƙirga!"

Ta juya da ƙarfi har ruwa na fantsama a hijabinta. Ta sassauta. Ta cire muciya. Ta ce wa matan, da murya irin ta mai gabatar da baƙo, "Yanzu ku zuba ido."

Suka zuba ido. Minti goma. Minti ashirin. Wata ta tashi ta duba girkinta ta dawo. Bayan rabin awa ruwan yana nan kore, sai dai ya ɗan yi hazo-hazo kamar an ɗiga masa madara. Ko curi ɗaya babu.

"Ko a ƙara masa alif ɗin?" in ji Fati a hankali.

"A'a. In na ƙara, kifi ba zai ci ba, kuma lissafina ya rushe."

"To ko alif ɗin ne jabu?"

"Shi na sa a kwalba, Fati. Shi ɗin dai."

Ta sake duba lissafi, daidai yake. Ta sake juyawa, ba abin da ya canza. Tsoro ya kama ta sosai. Ƙarfe ɗaya da rabi ta yi, ladan ya kira azahar, matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana cewa "Allah ya kyauta" da muryar ta'aziyya. Saudatu ta shiga ɗaki ta yi salla, kuma Allah ya gafarta mata, rabin hankalinta yana cikin tanki. Tana sallamewa idonta ya faɗa kan kwalba ta bakwai, wadda ba a sa wa komai ba, tana zaune a inuwa tun safe.

Tun safe. A inuwa.

Ta zazzage jakarta a kan gado har ta samo ɗan kwalin takardun gwaji, siraran takardu da ake tsomawa a ruwa su canza launi. Idan ruwa na da tsami su yi ja, idan tsaka-tsaki ne su yi kore, idan kuwa ya yi halin kanwa su yi shuɗi. Ta tsoma ɗaya a kwalbar, ta fito kore. Ta ruga waje ba takalmi, ta tsoma wata a tanki. Shuɗi shar.

"Kai, Saudatu!" ta ce da kanta. "Abin da kike koya wa 'yan aji huɗu!"

Ruwan safe ta gwada, ta zo ta zuba maganin a ruwan rana. Tunda hantsi ya ɗaga gansakukar take ta cin abincinta, ta zuƙe iskar da ke ɗan tsamama ruwan, ruwan ya koma kamar an jiƙa kanwa a ciki. Alif kuwa ba ya kama komai a irin wannan ruwa, narkewa kawai yake ya bi ruwa. Yana nan a cikin tankin, bai je ko'ina ba. Abin da ake bukata a karya kanwar da wani abu mai tsami, shi ke nan.

Murna ta dawo mata, sai kuma ta tsaya cak. Ruwan asid ɗin da ake wannan aiki da shi yana ɗakin gwaji.

"Lemon tsami fa?" in ji Fati.

"Sai an matse buhu. Kafin a je kasuwa a dawo, an yi la'asar."

"Ruwan batir? Akwai mai cajin batir a bakin titi."

"So kike in kashe kifin mutane?"

Biyu saura minti biyar. A daidai lokacin Paulina ta ɗago wani babban bokiti, ta nufi kwata da shi. Ruwan da ke kwanciya a kan kamu ne, wanda take tsiyayewa ta zubar kullum. Iska ta kwaso warinsa ta buga wa Saudatu a hanci, tsami mai hawa kai.

"Maman Liatu! Kada ki zubar!"

Paulina ta tsaya, bokitin a karkace. "Me ya faru? Wannan ma bincike ne?"

Saudatu ta ƙaraso tana haki, ta tsoma takarda a bokitin ba tare da neman izini ba. Ta fito jawur. Ta ɗaga ta sama kamar ta ci kyauta.

"Don Allah ki ba ni ruwan nan. Duk wanda kike da shi."

Paulina ta ajiye bokitin a ƙasa, ta sa ƙafa ɗaya a gabansa. "Malama, sati biyu ina miki magana, kina mini Turanci. Yarinyana ya kwana huɗu a asibiti, ruwa leda shida aka sa masa. Kin zo kin duba? Sau ɗaya kin ce mini yaya mai jiki?"

Saudatu ta sauke takardar. Gaskiya ce, ba ta je ba. Ta ji kunyar zuwa saboda maganar tankin, kunyar kuma ta zama shiru, shirun ya zama gaba.

"Ban kyauta ba," ta ce. "Wallahi ban kyauta ba, Maman Liatu. Ki yi haƙuri. Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi." Paulina ta dubi bokitin. "Me za ki yi da ruwan tsami?"

Wannan karon Saudatu ba ta yi Turanci ba. "Kin san in miya ta yi tsami ana sa mata kanwa?"

"Wa bai sani ba?"

"To ni kanwa ce ta yi mini yawa. Tsami nake nema ya karya ta."

Paulina ta dubi tankin, ta dubi bokitinta. "Shi ke nan? Shi ne kika tsaya kina zufa tun ɗazu?" Ta janye ƙafarta. "Akwai bokiti biyu a ciki, na jiya da na shekaranjiya. Na shekaranjiya ya fi ƙarfi."

Wannan karon Saudatu ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗebo ruwan tanki na farko a kwalba, ta riƙa zuba ruwan tsami cokali-cokali tana tsoma takarda, tana rubutawa. Shuɗin ya dusashe, ya koma kore. Ko gama juyawa ba ta yi ba ɗige-ɗigen suka bayyana. Fati ta daka tsalle. Paulina ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta a rana, ta daɗe tana kallo.

"Yesu!" ta ce a hankali. "Ga shi yana taruwa."

Daga nan gidan ya rikice. Aka auna ruwan tsami da jarkar lita biyar, aka zuba a tanki na farko. Matan da suka gudu suka dawo, har da waɗanda ba su zo da farko ba. Saudatu ta kama muciya, amma ɗoki ya hana ta natsuwa, sai ta juya a hankali sau biyu, ta manta ta koma da ƙarfi, curin da suka fara haɗuwa su sake wargajewa.

"Kawo nan," in ji Paulina, ta fizge muciyar. "Ba tuwo kike tuƙawa ba. Abin da ake so ya kwanta, lallashinsa ake yi."

Ta shiga juyawa, a natse, hannun da ya shekara goma sha biyar yana kwantar da kamu. Saudatu ta koma tanki na biyu, ta fara zuba tsami, ta gwada da takarda, sannan ta juye alif, ta yi juyin minti ɗaya mai ƙarfi, ta bar wa wata maƙwabciya da Paulina ke yi wa tsawa daga nesa: "A hankali, ke! Hannunki ya bi ruwan!" Da aka zo tanki na uku ruwan tsamin ya ƙare. Paulina ta miƙa wa Fati muciya, ta ɗaura zani da kyau, ta fita. Bayan minti goma sai ga ta da bokiti a ka, wata mai kokon da suke coci ɗaya tana biye da ita da wani, tana tambaya ko gaskiya ne an fara sayen ruwan tsami a unguwar.

Ƙarfe uku saura kwata aka cire muciya ta ƙarshe. Paulina ta hana kowa taɓa tanki, ta hana ma a jingina da shi. Mata goma sha ɗaya suka tsaya a rana suna kallon ruwa.

Na farko ne ya fara. Daga sama wani siririn layi mai haske ya bayyana, kamar faɗin yatsa. Ya zama faɗin tafin hannu. Koren yana ja da baya, yana sauka, manyan curi suna lilo suna nutsewa. Wata ta fara tafi, sauran suka ɗauka. Fati tana ɗaukar bidiyo tana ihu. Saudatu ta rungume Paulina ba ta san ta yi ba, tana cewa "Ya yi! Ya yi! Alhamdulillahi, ya yi!" Hawaye na zuba, ba ta damu ta share ba. Na biyu ya bi sahu, na uku ma haka. Zuwa uku da kwata ruwan ya yi garau, kana hango koren laka kwance a ƙasa lub.

A tanki na uku ne tafin ya fara mutuwa.

Shi ne na can ƙarshe, wanda tiyon iska bai cika kaiwa gare shi ba ko da akwai wuta. Yanzu da ruwan ya washe, ba abin da ya ɓuya. Ga su nan, 'yan tsutsotsin sauro, sun fi a ƙirga, suna wutsil-wutsil, su taso sama su shaƙi iska su koma.

Saudatu ta sunkuya ta kalle su da kyau, ko za su zama wani abu dabam. Ba su zama ba. Kwana arba'in koren ruwan yana rufa musu asiri, ita kuma tana rantsuwa babu su, kuma tagar ɗakin da Liatu ke kwana ba ta fi taku goma daga nan ba. Kunya ta rufe ta, da wani abu da ya fi kunya ciwo.

Ta ɗago ta dubi Paulina. "Ke ce da gaskiya."

Paulina ba ta ce "ai na faɗa" ba, ko da yake duk matan sun jira ta faɗa. Ta dubi tsutsotsin, muƙamuƙinta ya motsa. Sannan ta ce, "Lokaci yana tafiya. Wannan ruwan kada a zuba a kwata, za su rayu. A kan siminti za a watsa, rana ya kashe su."

Haka aka yi. Aka zura tiyo aka janye ruwan sama a hankali, ana tarewa a bokiti ana watsawa a kan siminti mai zafi, yana bushewa nan take. Da aka kai ga laka, Paulina ta kawo ƙyallen tatar kamunta, sabo, wanda ko sau biyu ba ta yi aiki da shi ba. Suka riƙa kwasa da ƙoƙo suna zubawa, mutum biyu na riƙe da bakin ƙyalle, ruwa na tsiyaya. Abin da ya rage a ciki kore ne mai duhu, mai santsi, mai ƙamshin ɗanyen ganye. Saudatu ta auna na kowane tanki dabam, ta rubuta, ta shimfiɗa a faranti.

Huɗu da minti goma Malam Babayo ya shigo da ma'aikata biyu sanye da takalman roba. Ya tarar da tankuna uku a kife, an wanke su, suna shan rana. Ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa ɗaya da biro.

"Ina ruwan?"

"Ya tafi, yallaɓai."

"Dabbobin kiwon fa?"

Ta nuna masa farantan silba uku a inuwa. Ya sunkuya ya duba.

"Wannan ne duka? Tanki uku?"

"Shi ne duka."

"Ikon Allah. Ko tuwon mutum biyar ba zai ci ba." Ya rubuta wani abu a fayil, ya rufe. "To ni dai an bi umarni. Malama, a kiyaye gaba."

Bayan la'asar gidan ya koma yadda yake. Saudatu ta ɗauko littafinta ta je ƙofar Paulina, wadda ke zaune tana wanke bokitai, Liatu na kwance a tabarma kusa da ita, ta rame, tana wasa da murfin kwalba. Saudatu ta tsuguna ta taɓa goshin yarinyar, sannan ta buɗe littafi.

"Maman Liatu, sai kin taimake ni. Dole in rubuta yadda aka yi ruwan tsamin. Gero ne ko dawa?"

"Gero. Kwano huɗu. A jiƙa kwana ɗaya, a niƙa, a tace, a bar shi kwana biyu. Ki rubuta ban da citta, citta daga baya nake sawa."

Saudatu ta rubuta. Ta gama, amma ba ta tashi ba. Tana ta juya biro a hannu.

"Akwai wani abu?" in ji Paulina.

"Akwai." Ta ajiye biron. "A ƙa'idar bincike, sau ɗaya ba ya isa. Sai an maimaita sau uku kafin a yarda. Ina da sauran iri a kwalba a ɗaki. Amma in kin ce a'a, wallahi ba zan sake cika tankin nan a gidan nan ba. Sai in haƙura da digirin."

Paulina ta ci gaba da cuɗa bokiti. Ta ɗauraye shi, ta kife, ta jawo wani. Ta dubi 'yarta, ta daɗe tana dubanta. Saudatu ta rufe littafin, ta fara miƙewa.

"Gidan sauro uku za ki saya," in ji Paulina, ba ta ɗago ba. "Kowane tanki da nasa, a ɗaure bakin da roba. Ni zan riƙa dubawa kowace safiya, ba ke ba. In na ga ko ɗaya, da hannuna zan kifar."

"Na yarda."

"Kuma ki gaya mini kwana uku kafin ranar. Wannan na yau bai yi tsami yadda ya kamata ba."